Babana, Ranar Biki Ba Ta Jiran Inji

Kano, daren Talata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan, sai dai gwiwar Innarka da hunturu ya sake tayarwa. Da hannuna na rubuta takardar nan, auta ce za ta ɗauki hotonta ta turo maka, domin na lura in na kira ka a waya sai ka cika ni da "to Baba, to Baba" har kati ya ƙare ban faɗi abin da ya sa na kira ba.

Mijin Yayarka ya dawo daga Abuja ranar Asabar. Kada ka riƙe shi a rai, bai zo kawo ƙararka ba. Da yabo ma ya fara. Ya nuna mana hotunan shagon naka na Kubwa, da allunan "Barka da zuwa" na farantin robar nan mai kama da gilashi da kuke kira akirilik, sunan ango da amarya da ruwan zinare, wasu ma har da fitilu a cikin haruffan. Innarka ta riƙe wayar ta ƙi saki. Ni ma na duba da idon wanda ya shekara talatin yana jan burushi a jikin manyan motoci da ƙofofin shaguna, kuma ban ga harafin da ya karkace ba. Tazarar da kake bari tsakanin haruffa ta yi. Wannan kam ka gada, ba na musu.

Muna cikin shan shayi maganar ta kuɓuce masa. Wai ka yi odar injin yanka na leza daga China, kuma kuɗin da ka tura na kafin alƙalamin bukukuwa goma sha ɗaya ne da ka karɓa, dukkansu na watan Sha'aban. Wai cikon kuma a manhajar bashi ta waya ka ɗauko shi. Tun daren nan ban yi barcin kirki ba.

Na san abin da ya kai ka. Na san wahalar ɗaukar faranti daga Kubwa zuwa Area 10 don a yanka maka, ka tarar da layi, mai inji ya sa aikin manyan kwastomominsa gaba, naka ya fito gefe a ƙone ka biya haka nan. Duk mai sana'ar hannu yana mafarkin ranar da zai daina roƙon injin wani. Ban ce kada ka mallaki inji ba. Da kuɗin wa, shi ne maganata.

Babana, kuɗin kafin alƙalami ba jarinka ba ne. Uwar amarya da ta turo maka rabin kuɗi ba hannun jari ta saya a shagonka ba. Ta ba ka ne ka sayi faranti da sitika da fenti na allon 'yarta, ita kaɗai. Wata adashe ta ɗauka, wata akuya ta sayar, bayan ta gama da gado da kujeru da gara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kai kuwa ka ci na mutum goma sha ɗaya, askar kuma tana kan teku.

Ka tsaya ka dubi irin sana'ar taka da kyau, domin ba irin tawa ba ce. Ni in na makara da allon mai kemis da mako guda, zai yi faɗa, in ba shi haƙuri, in kafa masa, ya shekara goma yana cin moriyarsa. Allon biki kwana ɗaya ne ransa. An buga kati, an biya ɗakin taro, dangi sun taso daga Katsina da Maraɗi, an yi kamu, an ɗaura aure, magariba ta yi ana shiga dina. In allonka bai iso a daren ba, da safe ya zama shara, kuma sharar da ba ta sayuwa, tunda sunayen mutum biyu ne a jiki, babu wasu biyun da za su karɓa. Ba a ɗaga ɗaurin aure don jirgin ruwa bai iso Apapa ba. Kuma ka fi ni sanin yadda Sha'aban yake, kowa rige-rige yake yi ya kai amarya kafin azumi. A watan ne masu inji na Area 10 ba su da lokacin kallon fuskarka, ballantana in ka je musu hannu biyu babu kuɗi kana neman a yi maka lamuni.

Na tambayi abokaina na Kantin Kwari da suka saba sauke kaya daga Guwanzu. Sun ce wata biyu ne in an yi sa'a, kafin a zo maganar kwastan da motar da za ta hauro da shi Arewa. Sun kuma tuna mini cewa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu mutanen can suke bikin sabuwar shekararsu, masana'antu su rufe, in wani ƙarfe ya zo a karye babu mai amsa maka waya. A ce ma ya iso lafiya. Ranar da inji ya sauka ba ranar yake fara ciyar da mai shi ba. Sai ka lalata faranti nawa kafin hannunka ya faɗa? Kwalbar hasken da ke cikinsa ta gilashi ce, da ruwa ake sanyaya ta, tana kuma da wa'adin da take mutuwa. Madubansa ba sa shiri da ƙura, ga shi hunturu muke ciki. Wuta kuma ka san tun Afrilun 2024 masu layin Band A, wato layin da aka fi ba wuta, suka koma biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit, in babu ita kuma janareta ne, da fetur ɗin da tun 29 ga Mayun 2023 bai sake komawa inda muka san shi ba.

Ga kuma dala. Farantinka da sitikarka duk daga waje suke zuwa. A idonmu dala, a farashin hukuma, ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yanka wa kwastoma farashi yau ya bar sayen kaya sai bayan wata biyu, caca yake yi da guminsa. Amfanin kafin alƙalami ke nan tun asali, ka karɓa yau, ka sayi kayan a makon nan, ka rubuta sunan mai shi a jiki ka jingine.

Maganar manhajar nan kuwa ita ta fi ƙona mini rai. A gidan nan ka tashi, ka san hukuncin kuɗin ruwa, ba sai na ja maka aya ba. Ka kuma san halinsu, ranar da ka saɓa sai su bi lambobin da ke wayarka ɗaya bayan ɗaya suna aika saƙon cewa wane ɓarawo ne. Lambata na ciki. Ta limaminmu na ciki. Ta surukan Yayarka na ciki. Wannan ne ladan da za ka ba Innarka? Ko don ka ga yara sa'anninka suna ɗora bidiyon injinansu a Instagram shi ne idonka ya rufe? Ka san nasu da kuɗin wa aka saya? Ka bar gidan nan da buhun kaya ɗaya da ƙaramin injin yanka sitika, shekara uku kacal, yanzu har ka isa ka yanke irin wannan shawara ba ka ko yi mini sallama a kai ba. Wallahi ka ba ni kunya, kuma ban saba faɗa maka haka ba.

Na san abin da za ka ce a ranka. Za ka ce da Baba ya sayar da filin nan lokacin da na roƙe shi, da ban kai ga haka ba. To ka ji. Filin nan ba nawa ni kaɗai ba ne, ka san bakin mutum nawa ke kansa tun rasuwar Gwaggonka, ka kuma san abin da ya biyo bayan na farkon da aka sayar. Ga auta ba a kai ta ɗaki ba. Ban hana ka don rowa ba, kuma ko yau ka sake tambaya amsar ita ce dai. In ka ga na cuce ka, Allah Ya sani ban yi nufi ba.

Za ka kuma ce ai Baba ma ya yi. Na yi, shi ya sa nake rubutu da tsakar dare. Kana goye a lokacin. Ba sai na maimaita maka labarin injin feshin fenti ba, ka sha ji a bakin Kawunka, ko da yake shi ta inda ya ga dama yake farawa. Abin da bai taɓa faɗa maka ba, wata huɗu na yi ina zagayawa ta bayan layi in fita aiki. Masallacin Juma'a na canza don kada in haɗa sahu da waɗanda na karɓi kuɗinsu. Keken ɗinkin Innarka da ka ji ana cewa ya lalace, bai lalace ba. Har yau akwai dattijon da in mun haɗu a jana'iza nake sunkuyar da kai, alhali na biya shi tun kafin ka shiga firamare. A zamaninmu ma ke nan, da magana ba ta wuce unguwa. Kai naka zamanin, amarya ɗaya ta ɗora hotonka da sunan shagonka, kafin asuba an gani har Yamai.

Yanzu abin da ya wuce ya wuce, ga abin da nake so. Ka zauna daren nan ka rubuto mini bukukuwan nan goma sha ɗaya, kowanne da ranarsa, da abin da aka ba ka, da abin da kayansa za su ci a farashin yau. Ka lissafa kamar injin ba zai zo ba sam. Na yi magana da Baffanka. Ya yarda ya sa kuɗin da za a rufe bashin manhajar a sayi farantan, bisa sharaɗin raba riba, ba rance ba, kuma a rubuce da shaidu biyu. Kada ka ji haushin rubutun. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba a ce ban da 'yan uwa ba. Ka je wurin mai injin da kuka saba tun yanzu, ka biya shi ka kama layin Sha'aban kafin a cika.

Daga nan kuma ka yi wa shagon rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe masa asusu dabam, kuɗin mutane su daina kwana wuri ɗaya da kuɗin cefanenka. In kana son girma, ga hanya a gabanka da ba ka kalla ba. Ƙafafun allon da firam ɗin, me ya sa kake sayar da su? Ka ba da haya. Farantin da sitika ce kawai a jikinsa, a dawo maka da shi ka ɓare, ka goge, ka manna na wasu. Faranti ɗaya ya yi biki biyar, ka rage wa mai ƙaramin ƙarfi farashi, kai ma ka fi samu. Masu ƙawata ɗakin taro su ne ƙofar kasuwarka, ka riƙe biyu ko uku da gaskiya, sun ishe ka aiki.

Sunaye kuma, kada ka yanka sai mai biki ya rubuto da hannunsa ka ajiye saƙon. A'isha dabam, Aisha dabam, Aishatu dabam, kowace kuma tana ganin nata ne daidai. Ka bar wa ƙ da ɗ lanƙwasarsu, na ga wani allo a hoton an rubuta Bilkisu da Dahiru tsirara. Sannan masu son a sa musu aya ko addu'ar nan ta "Barakallahu laka", ka ce su dawo da allon ko su rataye a ɗaki. Na sha ganin sunan Allah a jingine da kwandon shara bayan an watse.

Na yi maka faɗa da yawa, na sani. Innarka ta leƙo sau biyu tana cewa in sassauta, wai yaron yana ƙoƙari. Ai na san kana yi. Ranar da ka turo mata kuɗin magani daga cinikinka na farko, ɗaki na shiga don kada a ga idona. Ta ɗaura maka yaji da kuka da daddawa, direban da ka sani zai taho da su ranar Alhamis. Na sa maka burushina mai gashin raƙumi a cikin ƙullin, na san ba ka aiki da shi, ka dai ajiye.

Auta ta ce in gaya maka an sa ranarta bayan Babbar Sallah, kuma allonta kyauta take so, mai fitila. Ina jiran lissafin kafin Juma'a. Ka kira bayan isha'i, lokacin Innarka ba ta kwanta ba.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka