Tun da ta fara kallon fim ɗin nan ta daina ce min "to"

Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Na daɗe ina sauraron shirinki, ban taɓa zaton wata rana tawa za a karanta ba. Don Allah a sakaya sunana.

Yau kwana 9 matata tana gidansu a Badarawa. Ta tafi da ta goye, ta bar min manyan biyu a Rigasa, ƙanwata ce ke zuwa dafa musu. Kuma wallahi duk a kan fim ne. Fim fa, Hajiya!

Walda nake yi a Panteka, ƙofofi da tagogi. Mun yi aure a 2016, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa barin ta da yunwa ba. Ko lokacin kullen korona na 2020, da aka hana mu fita kasuwa, sai da na san yadda na yi tukunya ba ta huta ba. Wayar ma da take kallon da ita ni na saya mata. A lokacin kullen ne ta saba da waɗannan finafinai masu dogon zango. Da farko yaro take aika shagon masu tura fim, daga baya ta koma sayen data tana bi ta YouTube. Ban hana ba. Mu ma da finafinan Indiya muka tashi.

To amma wannan na yanzu daban yake. Ranar da za a saki sabon kashi, matan gidanmu na haya sai su shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a jingina waya da bokitin fenti, kai ka ce wa'azi ake. Na dawo a gajiye, idona na raɗaɗin wutar walda, sai ka ji wata ta ce "Allah Ya ƙara, gwara da ta faɗa masa!" Tuwo kuma sai bayan isha'i.

Jarumar wai bazawara ce, mijinta ya rasu, danginsa suka so danne tumuninta da rabon marayu, ta maka su a kotu. Maza biyu ke neman ta, wani attajiri da wani malamin makaranta. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, kuma nan hatsarin yake. Za ta kalli namiji ido cikin ido ta ce "ban amince ba", ta ci gaba da ɗinkinta. Sak haka matata ta koma. Wadda a da in na yi magana sai dai ta ce "to, Baban yara", yanzu komai sai ta ji dalili. Na san akwai mai zuga ta, matar ɗakin da ke kallon namu, wadda aurenta uku, amma bari in bar wannan.

Na manta ban faɗa miki maganar kuɗin ba, ko da yake ni ban ɗauke ta bakin komai ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, aiki ya tsaya mana, ga wuta ba ta zama. Na karɓi kuɗin adashinta naira dubu 180 na gyara janareta na sayi ƙarfe. Keken ɗinki ta so saya. Ban ce ba zan biya ba, hali ne bai yi ba. Ai duk cikinta da na 'ya'yanta ya koma.

Ranar da abin ya faru na samu aikin get, ina neman kuɗin kaya, na ce ta ara min ɗan kunnenta na gwal in sayar, in an biya ni in saya mata wanda ya fi shi. Sai ta yago takarda daga littafin yarinyarmu ta miƙo min da biro. Wai in rubuta na da, in rubuta na yanzu, a kira shaidu biyu. Har da ja min aya, wai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Na san haka ne, ni ma na yi Islamiyya. Amma ni mijinta? A gaban yara? Na ce a fim ta koyo, ta ce ko a fim ne ai gaskiya ce. Na karɓi wayar, ban san yadda aka yi ba ta faɗi ta fashe. Na ce ta tafi gidansu sai na neme ta.

Shekaranjiya da barci ya ƙi zuwa na buɗe fim ɗin a wayata, don in ga gubar da ke ciki. Kashi huɗu na kalla, sai kiran assalatu na ji. Akwai inda attajirin ya aiko da akwatunan lefe bisa sharaɗin ta rufe shagonta. Ta zauna ta ninke atamfofin ɗaya bayan ɗaya ta mayar, hannunta na rawa don tana son sa, ta zuge zif ta ce a kai masa. Hajiya, sai na ji bakina ya ce "madalla". Amma ai ita rubuta mata aka yi, kuma ba ta da miji a kanta.

Yanzu baffanta ya aiko wai in zo in faɗi abin da nake nufi da "sai na neme ki". Wani malami a unguwarmu ya ce irin wannan lafazin niyya ake dubawa. Ni ban yi niyyar saki ba, ina jin dai ban yi ba, raina ne a ɓace. Shin igiya ta taɓu?

Sannan in zan je biko, in tafi da sabuwar waya ko kar in tafi da ita? Abokaina a majalisa sun ce in na kai waya na faɗi ƙasa warwas, gobe takardar za ta sake miƙo min. Takardar ma tana nan ƙarƙashin filo, ban yaga ba. Babbar 'yata ce ta tsince ta ta ajiye min, kuma kullum sai ta tambaye ni ko na rubuta.

Naki mai sauraro,
daga Rigasa, Kaduna.