Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Hawai, Josh Green: a biya yaran da ke gadin tekun Miloli'i

Mai girma Gwamna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni Bahaushe ne, jikan masunta daga ƙasar Kabi, neman abinci ya kawo ni Kona ta Kudu, a nan kuma 'ya'yana suka buɗe ido. Maganar Miloli'i, ƙauyen masunta da ke nan Kona ta Kudu, ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ba sai an yi maka kwatancen garin ba. A Ka'u, nan maƙwabta, ka yi aikin likita kafin ka shiga siyasa, daga baya ka wakilci Kona a majalisa. Ka san gangaren nan mai kwana-kwana na kusan mil 5 daga babban titi. Ka san gidajen da ke zaune kan baƙin dutsen da aman wutar Mauna Loa ya bari a 1926, lokacin da ya cinye ƙauyen Ho'opuloa. Ka san babu famfo sai ruwan sama da ake tarawa a tanki, wuta kuwa sai ta sola.

Tun 2005 majalisar jiha ta ayyana gaɓar Miloli'i a matsayin wurin sun da mutanen gari za su kula da shi don cin abincinsu. Ƙa'idojin ba su samu sa hannu ba sai 2022, zamanin Gwamna Ige, kana mataimakinsa. Shekara 17! Jaririn da aka haifa a shekarar farko har ya kusa gama sakandare, wasu dattawan da suka fara maganar kuma ƙasa ta rufe musu ido. Mutanen garin sun yi haƙuri, sun je taro har sun gaji da ƙirgawa. To doka ta samu. Wa ke tsaron ta?

Yara ne, ranka ya daɗe. Na gani da idona. Ɗana ya shiga zangon koyon su da ake yi wa iyalai a garin, ya dawo gida hannunsa duk warin kabewa. Ashe da dafaffiyar kabewa da gwaza ake ciyar da kifin 'opelu a mattararsa da suke kira ko'a, a yi watanni ana ba shi abinci ba a jefa taru ba, har ya saba da jirgin da mai jirgin. Na ga yarinya 'yar shekara kamar 14 durƙushe kan dutse, igiyar ruwa na dukan gwiwarta, tana auna dodon koɗin 'opihi ɗaya bayan ɗaya tana faɗa wa ƙawarta lamba. Na ga ana tsaga cikin kifi a nuna musu ƙwai, don su san watan da ya kamata a ɗaga masa ƙafa. Abin ya tuna mini gida: a Argungu ma ana hana su a Matan Fada har ranar biki, kuma maganar Sarkin Ruwa ake ji saboda yana bakin ruwan kullum.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mafi yawan wannan aiki na sa kai ne, ko kuma ɗan tallafin shekara guda da ƙungiyoyin gari suka yi ta rubuce-rubuce kafin su samu. Yaro ya koyi teku tun yana ɗan 10, ya san kowane dutse da sunansa, ya kai 19 ya duba babu abin da zai ci a garin, sai ya tafi gyaran gado a otal a Kohala, ko ya hau jirgi zuwa Las Vegas. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan asalin Hawai da ke zaune a sauran jihohin Amurka sun fi waɗanda suka rage a tsibiran yawa. Duk wanda ya tafi daga Miloli'i, da ilimin kakansa ya tafi, kuma babu makarantar da za ta mayar da shi.

Kai ka yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin sa baƙi masu yawon buɗe ido su biya kuɗin kare muhalli. Ka cika, na yaba. A watan Mayun 2025 ka sa hannu, aka ƙara kashi 0.75 cikin ɗari a harajin ɗakunan baƙi daga 1 ga Janairun 2026, ana sa ran kusan dala miliyan 100 a shekara. Da bakinka ka danganta shi da gobarar Lahaina ta 2023. Tsorona kada kuɗin su ƙare a manyan kwangiloli da 'yan ba da shawara na Honolulu, ƙauye ya ji labari a rediyo.

Don Allah, Mai girma Gwamna, ka ware wani kaso da sunan garuruwan da suka ɗauki nauyin tekunsu: Miloli'i, da Ha'ena da ta riga kowa samun irin waɗannan ƙa'idoji a 2015, da Kipahulu. A ba matasa albashi na gaske, ta hannun ƙungiyoyin garin, na shekara 5 aƙalla, don saurayi ya iya yin aure a kansa. A buɗe musu ƙofar zama jami'an tsaron gaɓa. Jami'in da zai taso daga Kailua tafiyar kusan awa ɗaya ce. Kafin ya sauko, mai satar kifi ya naɗe tarunsa.

Akwai maganar ruwan sha, akwai ta filin gina gida ga masu tasowa. Waɗannan sai wani jiƙon.

Kafin a kammala rabon kuɗin, ka sauko Miloli'i da sassafe, ba tare da 'yan jarida ba. Ka shiga jirgi da yaran, ka tambaye su su nawa ne ke ganin za su kai shekara 5 a garin.

Naka,
Wani uba mazaunin Kona ta Kudu