A Daina Cire Filtar AC Ana Barin Gurbinta Fayau

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu mota, da kuma 'yan uwana masu gyaran AC, a kan filtar da ke tace iskar da mutum yake shaƙa a cikin mota. Ba filtar inji nake nufi ba, wadda ke cikin baƙin akwati a ƙarƙashin bonet. Wannan kowa ya san ta, duk sabis ana duba ta. Ɗayar kuwa, da yawa daga masu kawo mini mota ba su san da ita ba sai na zaro ta na ɗora musu a hannu.

Wanda duk ya zo wurina kusan maganarsa ɗaya ce: "Malam, AC ba ya yi, a ƙara gas." Ni kuwa kafin in taɓa gas, sai na murɗa fanka zuwa lambar ƙarshe na kara hannu a bakin iska. In fanka tana ta gurnani a ciki, iskar da ke fitowa da sanyinta amma ba ta da ƙarfi, to hanya ce ta toshe, gas bai yi laifin komai ba. Gas in ya ragu, iska tana zuwa da ƙarfinta, sanyin ne babu. Bambancin a fili yake, amma sai ka ga an ɗura gas a na'urar da ba ta buƙata, a ɗora wa kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin, nauyin banza, mai mota ya biya kuɗi ya tafi da matsalarsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata dabara da wasunmu suke yi. Sai a zaro filtar da ta toshe, a jefar, a mayar da murfi ba tare da an sa sabuwa ba. Nan take iska ta buso da ƙarfi, mai mota ya yi murna, ya ce bakaniken nan ya iya aiki. An gudu gara ne an faɗa gidan zago. Iskar da ta shigo, bayan ta wuce filta, fanka ce ke tura ta cikin ebaporeta, wato ƙarfen nan mai siraran haƙarƙari da ke ɗaukar sanyi. Ebaporeta a jiƙe take muddin AC na aiki, ruwanta ne ma kake gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota. In babu filta, ƙura ta sauka a kan jiƙaƙƙen ƙarfe, ta zama laka, ta cushe tsakanin haƙarƙarin, fumfuna ta samu wurin zama. Warin nan mai kama da na jiƙaƙƙen tsumma da ke tarbar mutum da ya kunna AC, daga nan yake tasowa. Ganye da tarkace kuma su faɗa cikin fanka ta riƙa ƙara tana girgiza. Canza filta aikin mintoci kaɗan ne. Ciro ebaporeta kuwa, a motoci da yawa sai an zuƙe gas an sauke dashbod gaba ɗaya, kuma ba kowane dashbod ne yake komawa yadda yake ba bayan an sauke shi. Wanda ya taɓa zama da mota mai ƙaras-ƙaras a gaba ya san abin da nake faɗa.

Barin toshasshiyar filta ma yana da tasa ɓarnar. Akwai ɗan resisto da ke rage wa fanka gudu, an dasa shi a hanyar iska don iskar ta riƙa sanyaya shi. In iska ta yi ƙaranci sai ya yi zafi ya ƙone, ka ga fanka ta ƙi tashi sai a lambar ƙarshe kaɗai. Wani lokaci ebaporeta ta yi ƙanƙara a doguwar tafiya, iska ta ɗauke, sai an kashe AC an jira ta narke. Ga kuma gilashin gaba da zai yi hazo a ranar ruwa ya ƙi washewa, wannan kuwa maganar rai ce.

Wasu sukan ce a wanke filtar, ko a busa ta da iskar injin faci. Ba na goyon bayan ko ɗaya. Filtar nan zare ne mai laushi da aka naɗe, da yawansu an sa musu wani caji da ke kama ƙananan ƙura. Ruwa yana lalata ta, in kuma aka mayar da ita da danshi, an kai wa fumfuna gida. Iska mai ƙarfi tana buɗe ƙofofin zaren, ta yi fes a ido amma ta daina tacewa. In babu sabuwa a kusa, a kaɗe ta a hankali a mayar kafin a samo. Akwai nau'in da aka ƙera don wankewa, shi kuwa a jikin kwalinsa za ka ga an rubuta.

Yawancin littattafan mota suna cewa a canza tsakanin kilomita 15,000 zuwa 30,000, ko sau ɗaya a shekara. Wanda yake bin hanyar da ba kwalta, ko yake yini a cunkoso bayan manyan motoci, ko yake ajiye mota a ƙarƙashin bishiya, kada ya jira wannan lissafi. Ya zaro ta ya ɗaga ta wajen haske. In haske ba ya ratsawa, ta gama aikinta.

Mai mota da kansa zai iya. A mafi yawan motoci tana bayan ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza. Ka kashe mota, ka kwashe kayan ciki, ka ɓalle ɗan hannun da ke riƙe akwatin a gefe, ka matse ɓangarorin biyu ya sauko, za ka ga murfi mai tsawo. A wasu motocin tana ƙarƙashin bonet kusa da gindin waifa, a wasu kuma can ƙasa kusa da ƙafa. Ka jawo ta a kwance don tarkace kada ya zube cikin fanka. Kafin ta gama fitowa, ka lura da kibiyar da ke jikinta, domin wata kibiyar tana nuna inda iska take bi ne, wata kuma gefen da zai kalli sama, a nan ne mutane suke juya ta. Tun 1978 kamfanin Saab ya fara sa irin wannan filta a motarsa, amma ba ta zama gama-gari ba sai wajen shekarar 2000, saboda haka tsohuwar mota tana iya zama ba ta da ita sam.

In za a saya, akwai fara ta zare zalla, akwai mai gawayi a ciki, ruwan toka. Mai gawayin tana rage wari da wani ɓangare na hayaƙin hanya, ita nake ba mai asma ko mai yawan ɗaukar yara shawara. Sai dai babu wadda take tare kabon monoksaid, iskar nan mai kisa da ba ta da wari ba ta da launi. In kana jin warin salansa a cikin mota, salansar za a duba, kuma a yau, ba a jira sabis ba.

Ga masu mota, in an ce muku an canza, ku ce a nuna muku tsohuwar, ku kuma tsaya a sa sabuwar a gabanku. Bakanike na gari ba zai ji haushin wannan ba.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai gyaran AC na mota