Wasiƙa Zuwa Damagaram Kan Darasin Turanci a Sansanin Wikki

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Wasiƙarka ta iso, kuma na karanta kukan da ka yi game da kalmomin nan na Turanci masu rakiyar aikatau, wato must da should da can da may, waɗanda ka ce yaranka suna haddace su tsaf, amma da zarar an ce su sa su cikin jimla sai su cakuɗa. Mu ma a nan Bauchi haka muke fama, sai dai na sami wata dabara da ta yi mini amfani, shi ya sa na ga ya dace in rubuto maka ita dalla-dalla.

A ranin da ya wuce makarantarmu ta kai 'yan ajin SS1, wato ajin farko na babbar sakandare, gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, wanda aka keɓe tun 1956, aka kuma buɗe wa baƙi a 1962. Mun sauka a sansanin Wikki, kusa da maɓuɓɓugar nan da ruwanta yake ɗumi dare da rana, a kan digiri 31 ko ɗan sama da haka. Da muka ajiye kaya sai na raba yaran rukuni-rukuni, na ce kowane rukuni ya zaga sansanin ya duba da idonsa, sannan ya rubuto dokokin zamanmu da Turanci, da sharaɗin cewa kowace doka sai an faɗi dalilinta, an kuma faɗi abin da zai faru idan aka karya ta.

Sharaɗin nan shi ne ƙashin bayan darasin, domin nauyin kalmar yana bin nauyin ɓarnar da za a yi ne. Game da wuta babu wanda ya yi gardama, saboda ciyawa ta bushe ƙayau, kuma kowa ya san ashana ɗaya ta isa ta cinye daji, sai suka rubuta "You must put out the fire completely". Haka kuma batun sauka daga mota ba tare da izinin ɗan jagora ba, a dajin da giwaye da ɓauna suke yawo, ya sami "must not" ba tare da ja-in-ja ba. Amma shara kafin kwanciya da sanya rufaffen takalmi sun tsaya a "should", domin shawara ce ta alheri wadda barinta ba ya halaka kowa.

Inda aka yi muhawara mai zafi shi ne kan sabulu. Wani rukuni ya rubuta "You should not use soap in the spring", sai wata yarinya ta miƙe ta ce wannan bai isa ba, domin ruwan ba a sansanin yake tsayawa ba, yana gangarawa ne zuwa kogin Gaji inda namun daji suke sha da rani, don haka abin haramci ne. Suka kai ruwa rana, daga ƙarshe aka goge "should not" aka sa "must not". Ni dai ban tsoma baki ba, kuma a ganina wannan muhawarar ta koya musu abin da bayanin allo na mako guda ba zai koya ba.

Gwaggon birai ne suka taimake ni a kan kuskuren da ya fi kowane yawa. Suna yawo cikin sansanin babu tsoron mutum, har ɗaya ya fizge ledar burodi daga hannun wani yaro, ya haye kan katanga ya yage ta yana ci a gabanmu. Nan take wani rukuni ya ƙara doka cewa "You don't have to feed the baboons", a nufinsu na hani. Na ce su mayar da ita Hausa, suka ga ashe abin da suka rubuta shi ne "ba sai ka ba su abinci ba", wato in ka ga dama ka ba su, alhali abin da suke nufi shi ne "kada ka ba su". Tunda yaranka Faransanci suka fara sani, ka nuna musu cewa bambancin nan shi ne na "tu n'es pas obligé" da "tu ne dois pas", za su kama nan da nan.

Gyaran siga kuwa na bar shi sai da muka koma aji, kuma bai ɗauki lokaci ba: must da should da can da may ba sa karɓar "s" ko da mutum ɗaya ake magana a kansa, kuma ba a sa "to" a bayansu, don haka "he must to sweep" da "she cans swim" duk kuskure ne. Ɗaya ma'anar ta may da might, wato ta yiwuwar abu, shawarata ita ce ka jinkirta ta sai izini da hani sun zauna musu.

Na san ba kowace makaranta ce za ta iya ɗaukar nauyin tafiya irin wannan ba, amma ba sai ka nemi gandun daji ba. Ka kwana da su a farfajiyar makaranta, ko ku yini a wata gona ta bayan gari, ka bar su su ga ledojin ruwa da iska take kwasowa da awakin da suke cin su, sannan su rubuta dokokinsu a kwali su liƙa. Idan kun yi, ina roƙonka ka ɗauki hoton kwalin ka turo mini ta WhatsApp, domin ina so yarana su gwada shi da nasu.

Ka gaishe mini da Hajiya da sauran mutanen gida. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Bauchi