Wasiƙa zuwa ga aminina a kan madobiya

Zuru, Jihar Kebbi

Aminina Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai hazo da sanyin hunturu.

Maganar madobiya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yanzu ne lokacin furenta, lokacin da takan kakkaɓe ganyenta kaf ta lulluɓe da fure ruwan ɗorawa, ƙudan zuma na ta kai da kawowa a kanta. To, bana in ka bi hanyar Ribah, da ƙyar za ka ga manya. Kututture ne ya fi yawa, an datse da zarton inji, jan ƙaronta ya tsiyayo ya bushe a bakin saran. Wallahi abin yana ci mini rai.

Katakonta ne ya jawo mata. 'Yan katako na ce mata koso, ana lodinta a kai ƙasar Sin a yi kujeru da gadaje na alfarma. Dazuzzukan Taraba da Kogi sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2016 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya zuwa waje, shekarar da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta lissafa ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Sai dai dokar can bakin teku take aiki. Mai gawayi a ƙauye bai san da ita ba, kuma ya san itacen mai nauyi ne, garwashinsa na daɗewa.

Bishiya ce ta dajin Afirka ta Yamma har zuwa tsakiya, tana jure fako da ƙasa mai tsakuwa, saiwarta kuma na ƙara wa gona ƙarfi. Da bazara, kafin ciyawa ta fito, ita ke riga yin sabon ganye, shi ya sa Fulani ke sassabe rassanta su ba shanu. Ba na ganin laifinsu, dabba sai ta ci. Amma reshen da aka sare yana ɗauke da 'ya'ya, irin shekarar ya tafi ke nan. Ɗan da ya samu ya tsiro kuma, in gobarar daji ta bar shi, akuya ba za ta bar shi ba.

Ka tuna siffar 'ya'yan? Kamar ƙaramin faifai, fiffike siriri ya kewaye shi, ga ƙayoyi a tsakiya inda ƙwayar take. Nakan tsinto su in sun bushe, in yanke fiffiken, in jiƙa ƙwayar, in shuka a leda. Suna tsirowa, sai dai girman a hankali ne, sai an kewaye su da ƙaya. Kututturen ma yakan yi toho idan aka tsare shi.

Ga roƙona. Manyan madobiyoyi biyun nan na gonarku ta gado suna nan, suna 'ya'ya, kuma na ji an fara taya su a wajen ƙanenka. Kai ne babba, maganarka zai ji. Don Allah ka kira shi kafin ya karɓi kuɗin kowa. In matsi ne, ka gaya mini mu san yadda za mu yi, domin daga gindinsu nake samun iri.

Ka gaishe mini da Hajiya da duk mutanen gida. Ina jiran amsarka.

Naka,
Umaru