Yoyon gaskit ɗin manifol da lafiyar fasinja

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin direbobi da 'yan'uwana makanikai a kan wani gyara da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato canza gaskit ɗin manifol, abin da ke toshe kafa tsakanin kan inji da manifol ɗin, wato bututun da ke kwashe hayaƙi zuwa salansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tafiya da na yi daga Kano zuwa Katsina a motar haya, cikin hunturun da ya wuce. Tun a tasha, direba na tayar da mota na ji ƙarar nan ta tif-tif-tif mai bin bugun inji, wadda duk wanda ya daɗe a gareji ya san alamar yoyon gaskit ɗin manifol ce. Da na yi masa magana sai ya ce, "Baba, ai da ta ɗauki zafi take dainawa." Gaskiya ya faɗa, amma bai san dalili ba: ƙarfe yana buɗewa idan ya ji wuta, sai kafar da hayaƙi ke yoyo ta matse, ƙarar ta ragu, alhali ɓarnar tana nan. Saboda sanyi da ƙura kowa ya ɗaga gilas, kuma kafin mu kai Kankiya wata baiwar Allah a kujerar baya ta fara kukan ciwon kai da tashin zuciya, shi kansa direban yana ta hamma.

Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Idan salansa ta fashe daga can baya, galibi iska ce ke kwashe hayaƙin. Shi kuwa yoyon manifol a ƙarƙashin bonet yake, dab da ƙafafun direba, kuma tsofaffin motocinmu cike suke da ramukan da wayoyi suka bi, ga kuma kafar fanka da ke zuƙo iska daga gindin gilashin gaba. Direban da ya shaƙi wannan iska a doguwar hanya gyangyaɗi ne ke fara kama shi, ya ɗauka gajiya ce.

Wanda maganar lafiya ba ta motsa shi ba, to ya dubi aljihunsa. A motocin da ke da kwamfuta, iskar waje tana kutsawa ta kafar, sensar da ke jikin bututun ta karanta kamar mai ya yi kaɗan, sai kwamfuta ta ƙara turo fetur. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ban ga mai motar da zai yarda ya riƙa ƙona lita a banza ba.

Mu makanikai ma muna da namu laifin. Na sha ganin yaro ya kwance manifol, ya shafe tsohon gaskit da gam, ya mayar ya ɗaure. Zafin hayaƙi a wannan wuri yana iya wuce digiri 600, jan gam ɗin silikon kuwa bai jure fiye da wajen 300, don haka ba a rufa sati biyu sai mota ta dawo da ƙararta. Aikin ƙwarai yana son haƙuri. A bar inji ya huce sarai, a jiƙa notuna da man sassauta tsatsa tun da dare idan da hali, domin kusoshin nan sun sha wuta da tsatsa shekara da shekaru, kuma wanda ya matsa musu da ƙarfi zai karya ɗaya a cikin kan inji, aikin awa biyu ya koma na kwana biyu. Bayan an cire manifol, a toshe ramukan da tsumma, a kankare fuskokin biyu tas, sannan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan manifol ɗin a ga ko ya lanƙwashe. Idan haske yana wucewa ta ƙarƙashi, ko an sa sabon gaskit ba zai riƙe ba sai an kai an goge fuskar ta daidaita. A kuma duba tsagewa, don wani lokaci gaskit ba shi da laifi.

Mai zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ko Fanteka sayen sabon gaskit ya tafi da tsohon a hannu, ya gwada rami da rami. Wajen ɗaurewa kuma a fara daga notunan tsakiya a yi waje, zagaye biyu ko uku, da sifana mai awo idan akwai. Ya kamata masu mota su sani cewa wannan ba tof gaskit ba ne, ba a ɗaga kan inji, saboda haka kada jin sunan gaskit ya sa su gudun gyaran.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW shi ne su sa wani ya riƙa saurarar motoci a tashin farko na safe, kafin a yi lodi, ya kuma buɗe bonet ya duba ko akwai baƙin toka a gefen manifol. Direban da na ba da labarinsa dai mun sa shi ya sauke gilasai, muka ƙarasa Katsina muna rawar ɗari.

Naka,
Wani tsohon bakanike,
Kano.